Kawun ɗakin soro

Na jima ina son rubuta wannan abun ina fasawa, ko yanzu ma sai da na goge layin farko har sau uku dan tsoron kar in ɗau alhakin bawan Allah. Amma abu ne da ya hana ni barci wajen wata huɗu, kuma na tabbata akwai uwaye da yawa a gidajen haya da suke kwana da irin wannan ƙullutun a ƙirji sun rasa wa zasu faɗawa.

Gidan haya muke a Kano, irin gidan nan mai sassa huɗu, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, sai ɗaki guda a soro da ƙofarsa ke kallon hanya, duk wanda zai shiga ko zai fita sai ya gifta ta bakin ƙofar nan. Da wani tela ne a ciki, dattijo, ya tashi bayan ƙaramar sallah, ba a yi sati biyu ba ejan ya kawo wani. Zai yi shekara arba'in da ɗoriya, yace iyalinsa suna garinsu. Mutum ne mai fara'a wallahi, ba zan yi masa ƙarya ba, shi yake fara gaisuwa, in ya ga mace ta ɗauko kaya daga kasuwa sai ya kauce ya ba ta hanya, ranar da injin rijiya ya lalace shi ya fara ciro kuɗi. Abin da na fara lura da shi kawai shi ne baya fita da safe kamar sauran mazan gidan, sai bayan la'asar yake fita, wato daga ƙarfe takwas zuwa huɗu shi kaɗai ne namiji baligi a gidan gaba ɗaya, mu mata muna can ciki muna fama da wanki da girki.

Yarana uku, babbar shekararta takwas, mai bi mata namiji shida, sai auta da bata daɗe da fara tafiya ba.

Da alawa aka fara. Duk yaron da ya dawo daga makaranta sai ya samu alawa ko biskit a wajen Kawu, haka suka sa masa suna. Ni kaina har godiya na aika masa. Sai kuma ya zama shi kaɗai ke da sola a gidan, kun san yadda wuta take, sai a yi kwana biyu ba a ga ƙyallinta ba, to ɗakinsa kullum fanka na juyawa, mata suna aika yara da waya a sa musu caji, yaran in sun je sai su zauna kallon katun a wayarsa. Da farko ƙofa a buɗe. Daga baya na fara ganin labule a sake, takalman yara jere a bakin ƙofa, yace wai hasken rana ne ke hana su ganin fuskar wayar. To magana ce mai ma'ana ai. Duk abin da yake yi haka yake, in ka ɗauke shi shi kaɗai yana da dalili mai kyau, sai in ka jera su ne gabanka zai faɗi.

Ya san ranar da ake tashin su da wuri, ya san Alhamis da Juma'a ba islamiyya, ya san sunan malamarsu. In zai yi aike baya kiran manyan yaran gidan, akwai samari biyu 'yan sakandare a sashen da ke kallon namu, bai taɓa aikensu ba, sai 'yata da 'yar maƙwabciyata su ne 'yan sayo sukari da ganyen shayi, in sun kawo kuma ba zai karɓa a bakin ƙofa ba sai yace shigo ki ajiye min a can.

Ranar da abin ya tsaya min a wuya, ina wanke mata yunifom na tarar da ɗari biyar a aljihun, sabuwa fil. Nace wa ya ba ki, tayi shiru tana wasa da bakin hijabi. Sai da na sassauta murya tukun tace Kawu ne, kuma yace kar ta faɗa min dan zan ƙwace. Wallahi sai da na zauna a kan bokiti. Ba kuɗin bane ya dame ni, kalmar nan ce ta kar ki faɗawa mamanki. Babba mai hankali da ya ba yaro kyauta saboda Allah cewa yake je ki nuna wa mamanki, haka muka taso, in an ba ka ko goro ne sai ka kai gida an gani an aika da godiya. Wanda yake koya wa yarinya ɓoye wa uwarta abu, ko da ɗari biyar ce, to yana gwada ta ne ya ga ko tana iya riƙe sirri, haka zuciyata ta faɗa min kuma har yau ban sauka daga kai ba.

Da dare na samu Abban yara da maganar. Yana cin tuwo ya ɗago yace ke dai kin cika zargi, mutumin da a sahun farko nake samunsa da asuba? Ya kawo min ayar Suratul Hujurat da ta ce a nisanci yawan zato domin sashen zato laifi ne, ya kawo hadisin da Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci ba har ya yi zaton za a sa shi cikin magada. Duk gaskiya ne, ni ma a islamiyyar na karanta su. Nace masa Abban yara, ni ban ce ya yi komai ba, ban kuma ce a kore shi ba, cewa nayi bana son 'yata a ɗakin namiji labule a sake, ko da limamin Juma'a ne. Yace to in ya ji haushi fa, gida ɗaya muke. Nace in ya ji haushi ya sha ruwa. A nan muka kwana kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Ni abin da yasa maganar sahun farko bata kwantar min da hankali ba, ai mu 'yan Kano ne, mun ga na Hanifa. Yarinya 'yar shekara biyar, a watan Disamba na 2021 aka ɗauke ta tana dawowa daga islamiyya, garin nan kaf ana ta addu'a ana yaɗa hotonta, sai a Janairun 2022 aka gano ashe mai makarantar bokon da take zuwa ne, mutumin da iyayenta suka damƙa wa amana da hannunsu, har kotu ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli na shekarar. Ba wani baƙo bane mai jajayen idanu da ya diro daga daji, mutum ne da yarinyar ta sani, shi yasa ta bi shi. Kafin nan a 2019 ga yaran nan tara da 'yan sanda suka gano a Onitsha, an kwashe su daga unguwannin Kano an sayar, har sunayensu an canza. Tun daga lokacin muke ta gargaɗin yara kar ku bi baƙo, kar ku karɓi abin baƙo, kar ku hau adaidaitar da ba kowa a ciki. To shi Kawu ai ba baƙo bane. Duk huɗubar da nake musu bata shafe shi ba, a wajensu shi na gida ne, ni da kaina na aika su da waya ɗakinsa.

Kuma a nan ne na gane wani abu da ya fi komai ci min rai, laifin nawa ne tun farko. Mu Hausawa cewa muke ɗa na kowa ne, kowane babba a unguwa yana da ikon ya kira ɗanka ya aike shi, yaron da ya ƙi zuwa aike kuma shi ne mara tarbiyya, uwarsa ce bata iya reno ba. Ni da hannuna na taɓa zabga wa yarinyar nan mari saboda wata tsohuwa a layinmu ta kawo ƙara wai ta kira ta tayi kamar bata ji ba. Na koya mata in babba yayi magana a durƙusa, ba a musu, ba a kallon idonsa, ba a cewa a'a. Shekara takwas ina gina wannan a kanta. Yanzu kuma dare ɗaya ina so ta kalli mutum mai furfura a gemu, mai ba ta alawa, wanda babanta ke gaisawa da shi hannu biyu, tace masa ba zan shigo ba? Da wane bakin? Tarbiyyar da muke alfahari da ita, in ba a yi mata ƙofa ba, ita ce take miƙa yaro ga duk wanda ya ga dama.

Sai ɗaya tsoron kuma, wanda shi ya sa na kama bakina ban faɗa a guruf ɗin matan layinmu na WhatsApp ba duk da hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Na san unguwarmu. In na rubuta layi ɗaya da azahar, kafin magariba maganar ta koma an kama shi turmi da taɓarya, kafin isha samarin majalisa sun taru a ƙofar gida da gorori. Mun sha jin inda kalmar ɓarawon yara kawai aka furta a kasuwa aka yi wa mutum rubdugu, daga baya a ce ashe ba haka bane, to wa zai dawo da shi? Ban taɓa kama mutumin nan da komai ba, 'yata bata ce ya taɓa ta ba, abin da nake da shi labule ne da ɗari biyar da faɗuwar gaba. Wannan ya isa in tsare 'ya'yana, amma bai isa in ɓata wa mutum suna ba, balle in jawo a zubar da jininsa. Kuma in maganar ta fita ba shi kaɗai za ta ɓata ba, sunan 'yata ne zai dinga yawo a bakin mata, shekara goma nan gaba in an zo neman aurenta wata sai ta tuno.

Maƙwabciyata, maman 'yan biyu, ita kaɗai na samu a keɓe tunda 'yarta ma tana cikin 'yan aiken. Amsar da ta ba ni ita ce, haba maman yara, mutumin nan fa shi yake biya wa tawa kuɗin jarabawa wancan zangon. Sai na rasa abin cewa, domin na san halin da take ciki, mijin ya fi wata uku ba aiki. Ban ga laifinta ba sosai, talauci yana rufe ido, kuma wanda ya san kana cikin buƙata ya san inda zai danna. Amma dai maganar tata ƙara min tsoro tayi, ba rage min ba.

Abin da na fara yi, na daina aika caji. Na gwammace in ba da naira ɗari a shagon mai caji na bakin titi. Sannan ranar Asabar na zaunar da ita kitso, dan na lura in tana ba ni baya bata ganin fuskata tafi sakin baki. Ina tsaga ina jan ta da hira, me kuke kalla a ɗakin Kawu, su wa ke zama, a ina kike zama ke. Ban nuna mata tashin hankali ba ko kaɗan duk da cikina kamar ana murɗa shi, domin wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ta taɓa ce min yaro in ya ga uwarsa ta firgita ko ta ɗau bulala, to daga ranar ya rufe baki kenan, zai ɗauka shi ne ya yi laifi. Alhamdulillahi abin da ta faɗa bai wuce kallo da alawa ba, sai dai tace wani lokacin yana cewa ta zauna kusa da shi a katifa dan ta fi gani da kyau, kuma yana cewa ita ce ta fi duk yaran gidan hankali.

A ranar na faɗa mata abin da ban taɓa tunanin zan iya furtawa ba, dan ni tawa uwar bata taɓa min irin wannan maganar ba, kunya ba zata bar ta ba. Nace duk inda wando da shimi suka rufe a jikinki ba mai taɓawa, ba mai gani, ko Kawu ne ko malami ko ɗan'uwan babanki, ke ma ba wanda zai sa ki taɓa nasa. Duk wanda yace miki kar ki faɗawa Mama, to wannan ne abu na farko da za ki zo ki faɗa min, kuma na rantse miki ba zan dake ki ba ko me ne ne. In babba ya kira ki ɗaki, ki gaishe shi daga bakin ƙofa kice Mama ta hana, ki ɗora min laifin, ni zan ji da shi. Ta juyo tace ko ya ce ni mara kunya ce? Nace ko ya ce. Sai da na ba ta haƙuri kan marin nan na tsohuwa, abin da ban taɓa yi ba.

Namijin ma na zaunar da shi daban. Mutane suna mantawa da yara maza, ana ganin kamar su ba abin da zai same su, alhali su ne ma aka fi saki suna yawo lungu lungu ba mai tambayar ina suka je.

Ita ƙawar tawa ta ƙara min da wani abu da nake ganin ya kamata kowace uwa ta sani, Allah ya sa kar mu buƙace shi. Tace in har wani abu ya faru, kar a tsaya yi wa yaro wanka ko gashi da ruwan zafi ko wanke kayan jikinsa, a wuce asibiti kai tsaye, dan maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki cikin awa 72 ake fara shi, in ya wuce ya wuce. Akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala da aka ware domin irin wannan. Kuma jihar Kano tana da dokar kare yara da aka sa wa hannu a 2023. Tace abin da ya fi ba ta takaici shi ne sai a kwana biyar ana sulhu a zauren wani, ana a rufa asiri, ana ai maƙwabci ne, sai yarinya ta kasa tafiya sannan a kawo ta.

Abban yara dai ya sauko, amma ba maganata ce ta sauko da shi ba, da idonsa ya gani. Wata Talata zazzaɓi ya dawo da shi gida wajen sha ɗaya, ya tarar da takalmin 'yar maman 'yan biyu shi kaɗai a bakin ƙofar soron, labule a sake, rediyo na ta yi. Yayi sallama da ƙarfi, yarinyar ta fito da biskit a hannu, shi kuma ya leƙo yana murmushi yana masa sannu. Ba abin da ya gani fiye da haka. Amma da ya shigo bai ko cire hula ba yace min, maganar nan taki, ya kike ganin za a yi?

Dabarar da suka yi ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Ya samu sauran mazan gidan bayan isha, har da shi Kawun aka kira, aka ce saboda yadda zamani ya lalace an yanke shawara daga yau ba yaron da zai shiga ɗakin kowa sai da uwarsa, ba a sashen wane ba, ba a na wane ba, har samarin nan 'yan sakandare dokar ta hau kansu, wanda zai yi aike ya karɓa a bakin ƙofa, wanda zai yi wa yaro kyauta ya ba uban. Ba a ambaci sunan kowa ba, ba a nuna kowa da yatsa ba. Washegari kuma Abban yara ya je ya gaida mai unguwa ya shaida masa dokar da aka kafa a gidan, ba ƙara ya kai ba, dan dai ya zama wani babba ya san da maganar, ya kuma tambaye shi ko ejan ya kawo mutumin an gabatar da shi lokacin da ya tare. Ashe ba a kawo shi ba. Haka ake yi yanzu, ejan in ya karɓi la'adarsa ko aljani ne zai ba shi mukulli.

Shi Kawun a wajen taron cewa yayi ai hakan ya yi daidai, Allah ya shirya mana zuri'a. Amma sati biyu cur bai amsa gaisuwata ba, in na gifta sai ya ɗauke kai, ya san daga inda iskar ta taso. Raina bai yi daɗi ba, ni ba mai son gaba bace, kuma akwai daren da na kwanta ina ta saƙawa, in fa mutumin kirki ne mai kewar 'ya'yansa da ke can garinsu, na sa an wulaƙanta shi a banza? Nayi istigfari na kuma yi. Amma da safe da na ga yarinyata ta wuce ta gaban ƙofarsa tace ina kwana Kawu bata ko rage sauri ba, ban ji nadama ba.

Yanzu wata biyu kenan. Ya dawo yana gaishe ni, sama sama. Na mayar da wajen tsintar shinkafata da yankan alayyahu bakin ƙofar sashenmu inda nake hango soron, har maman 'yan biyu tana min tsiya wai na zama mai gadi ba albashi. Kuɗin hayarmu sai watan Rajab zai ƙare, Abban yara ya fara cigiyar wani gidan amma kun san kuɗin haya yanzu, ba lallai mu iya tashi ba.

Wanda yake damuna yanzu almajirin gidan ne, ɗan yaro da bai fi shekara tara ba da yake mana shara da zubar da ruwa. Shi dokar gidan bata ambace shi ba, dan an ce sai da uwarsa, shi kuma tasa uwar tana can wani ƙauye. Jiya da hantsi na ga robar bararsa a bakin ƙofar soron. Na ajiye tiren shinkafar na je na tsaya na ƙwala masa kira nace zo ka ɗebo min ruwa, alhali duk bokitaina a cike suke. Ya fito yana lasar alawa. Na ba shi ɗumamen tuwo na zaunar da shi kusa da ni har aka kira azahar, gobe kuma in Allah ya kai mu Abban yara zai je ya samu malaminsu.